Hannun Hagu a Shafi na Tara

Ɗan kamasho ya miƙo hannu zai karɓi ambulan ɗin ya jefa a but, Ikilima ta janye shi.

"Malama, mutum huɗu ne fa a baya. Ina za ki ajiye wannan?"

"A cinyata."

"To, Allah Ya sa ba takardar gado ba ce."

Ba ta yi dariya ba. Ta shiga motar Kabo ta matsa jikin ƙofa, ta ɗora ambulan ɗin a cinya ta danne da hannu biyu. Ƙarfe takwas bai cika ba amma tashar Gwarzo ta riga ta ɗau zafi. Kwana uku ke nan hadari yana haɗuwa a gabas yana watsewa. Wani dattijo a gaba yana ba direba labarin an yi yayyafi a Getso, sai dai bai kai na shuka ba. Direba ya ce bana ma da alama sai an fita roƙon ruwa.

Takardu ashirin da huɗu ne a ambulan ɗin, duk zanen hannunta.

Shekara shida ta yi tana koyar da ajin nazare a makarantar kuɗi ta Hajiya Badi'a, a bayan kasuwar Gwarzo. Yaran da ake kawo mata 'yan shekara uku ne zuwa biyar, wasu ko fensir ba su taɓa riƙewa ba. Kafin yaro ya rubuta harafi sai hannunsa ya koyi tafiya: layi miƙaƙƙe, layi mai lanƙwasa, da'ira. Ana yi masa ɗigo-ɗigo a takarda ya bi da fensir. Takardun da Hajiya take sayowa daga Kano na Turawa ne, na lokacin da ƙanƙararsu take narkewa furanni su fito. Zomo da kwandon ƙwai, da wani fure mai kama da kofin shayi. Wata rana wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaya ko zomon yanka shi za a yi. Daga ranar Ikilima ta fara zana nata.

Ta bi shekara yadda take zuwa a nan. Shafin farko dangar kara, layuka a tsaye. Sai mangwaro. Sai guguwar bazara mai murɗewa. Sai hadari, sai ruwan farko yana sauka a karkace, sai kunyoyi, sai tsallen kwaɗo, har gero ya tsiro. A farkon kowane layi ta zana ƙwayar gero, a ƙarshensa ramin shuka. Aikin yaro shi ne ya kai ƙwayar rami. Kullum ƙwayar tana hagu, ramin yana dama, kuma ba don ado ta yi haka ba. Duk yaran nan da yamma makarantar allo suke zuwa, inda ake farawa daga dama. Idan ba a nuna wa hannu cewa boko ta ɗaya gefen take somawa ba, abin da ya saba zai bi.

Bara Hajiya ta ari takardun, ta ce fotokwafi za a yi. Ta dawo da su bayan sati biyu. Da zango ya ƙare ta kira Ikilima ofis ta ce iyaye sun matsa, masu takardar NCE suke so. Ikilima ta ce, Hajiya, shekara shida fa. Hajiya ba ta ɗago daga kan wayarta ba.

"Zanen kwaɗi ai ba ilimi ba ne, Ikilima. Ki koma ki yi karatu."

Ƙanwar mijin Hajiya aka ba ajin. Ikilima ta koma gida tana ɗinkin hula.

A watan Fabrairu littafin ya fito. Altine ce ta kawo mata shi har ɗaki. Ƙawarta ce tun firamare, kuma 'yarta Zinnira ta shiga makarantar ne bayan an sallami Ikilima. Mijin Altine ne ya zaɓi makarantar, Altine har ta zo ba da haƙuri a lokacin. Ba ta taɓa ganin takardun ba, ba ta san komai ba. Murna kawai take yi 'yarta ta sami littafi mai bango mai sheƙi.

"Ki gani. An ce ma har gasa za a kai shi Kabo ƙarshen bazara. Wanda ya ci, shi za a buga wa duk makarantun Gwarzo da Kabo."

A bangon an rubuta Ruwa Ya Sauka. A ƙasa, Hajiya Badi'a Badamasi. A baya, hotonta da tabarau.

Ikilima ta buɗe. Dangarta ce, mangwaronta ne, kwaɗonta ne. Amma an juya komai kamar a madubi. Ko wani a madaba'a ya ba Hajiya dabarar, ko ita ta ba shi: a juya zanen, ba mai cewa nasa ne. Ƙwayar ta koma dama, ramin ya koma hagu. Ba wanda ya lura, don fara layi daga dama ba baƙon abu ba ne a idon kowa.

Ta kai shafi na tara ta tsaya. Hanya ce mai lanƙwasa daga gida zuwa gona, a ƙarshenta mahaifinta yana zaune gindin kukar gonarsa ta Gude bayan sharar gona, hannunsa a akushi, yarinya tana miƙa masa ruwa. Daga ka ta zana shi, shekara biyu bayan rasuwarsa. A littafin Hajiya, da hagu yake cin tuwo. Da hagu yarinyar take miƙa masa ruwan.

Ta rufe littafin ta mayar wa Altine.

"Ma sha Allah. Ya yi kyau."

Da a ranar ta yi magana, Hajiya za ta tattara littattafan a ɓoye, ta gyara, ta sake bugawa da sunanta. Ikilima ba gyara take so ba. Taro take so, da kujeru a cike, da mutanen da Hajiya take jin kunya. Ta mayar da takardunta ƙarƙashin katifa ta ci gaba da ɗinkin hula har wata huɗu.

Motar ta sauke su a Kabo tara da rabi. A ɗakin taron wata firamare ake yi. An jera kujerun roba, janareto yana ƙara a waje, fanka biyu suna juya iska mai zafi. Malamai da iyaye sun kai ɗari. Ikilima ta zagaya ta baya ta zaɓi kujera kusa da babbar taga, inda haske ya fi shigowa.

"Ke! Ikilima!"

Altine ce, cikin sabuwar atamfa, riƙe da hannun Zinnira.

"Ba ki ce za ki zo ba. Da mun taho tare a motar makaranta."

"Kallo na zo."

"Anti, ni zan yi!" in ji Zinnira. An yi mata sabon kitso, an sa mata farar safa. "Ni zan hau can gaba."

"Hajiya ta ce duk ajin ba mai hannunta," in ji Altine, tana ƙoƙarin ɓoye murmushi. "Ko ɗigo ɗaya ba ta tsallakewa. Jiya ko barci ba ta yi ba don ɗoki."

Ikilima ta dubi yarinyar. Ta san za a fito da yaro. Cikin yara saba'in da wani abu, ba ta taɓa tsayawa ta tambayi kanta ko wanne ba.

"Allah Ya ba da sa'a," ta ce.

Suka wuce layin gaba. Ikilima ta zauna. Ƙofar fita tana bayanta, taku biyar. Ta dubi ƙofar sau ɗaya, sannan ta gyara zaman ambulan a cinyarta.

Mutum biyu ne a kan teburin alƙalai. Muhammad Nur, matashin da ƙungiyar da ta shirya gasar ta turo daga Kano, da kwamfuta a gabansa. Sai Malam Haladu, tsohon hedimasta daga Getso, wanda rabin malaman ɗakin sun sha bulalarsa. Makarantu uku suka fara gabatarwa. Duka ukun daga intanet suka kwaso. Da zomo na uku ya bayyana, Malam Haladu ya cire tabarau ya goge.

"Wannan zomon dai ya fi mu yawo," ya ce. Aka yi dariya.

Sai aka kira Hajiya Badi'a. Ta taso cikin leshi ruwan zuma, ƙanwar mijinta tana biye da ita da kwalin littattafai, ana raba wa layukan gaba. Ta karɓi makirfo ta gai da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya.

"Na zauna na yi tunani," ta ce, "me ya sa 'ya'yanmu za su riƙa bin zomon Turawa, alhali muna da bazararmu, muna da daminarmu? Wallahi wata rana ina cikin aji, wata 'yar ƙaramar yarinya ta ɗaga hannu ta ce mini, Hajiya, wannan zomon yanka shi za a yi?"

Ɗakin ya fashe da dariya. Ikilima ce ta ba Hajiya labarin, a ofis, suna shan zoɓo. Hajiya ba ta taɓa yin minti goma a ajin nazare ba. Wari yake yi mata.

Aka ɗora Zinnira a kan benci gaban ƙaramin tebur. Aka buɗe mata shafin kwaɗo. Ta ɗora fensir a kan ƙwayar gero, a dama, ta fitar da harshe kaɗan, ta bi tsallen ɗaya bayan ɗaya har ramin hagu. Muhammad Nur ya ɗaga takardar ya nuna wa jama'a. Ba ta kauce ko sau ɗaya ba. Aka tafa. Altine ta rufe baki da gyale.

"Gaskiya wannan shi muke nema," in ji Muhammad Nur. "Abin gida, daga gida. Kafin mu rufe, ko akwai mai tambaya?"

Ikilima ta miƙe.

Hajiya ta gan ta. Murmushin bai bar fuskarta ba, amma ya tsaya cak.

"Assalamu alaikum," in ji Ikilima. Ba ta nemi makirfo ba. Shekara shida da yara ta ba ta murya. "Malam, ina kwana. An zo lafiya? Ya iyali, ya zafi? Ranka ya daɗe, sannu da zuwa, ya hanya? Hajiya, ina kwana. Ya makaranta? Ya yaran?"

"Lafiya," in ji Hajiya. "Ranka ya daɗe, wannan tsohuwar ma'aikaciyata ce, mun rabu ne saboda..."

"Tambaya aka ce," in ji Malam Haladu. "Bar ta ta yi."

"Ba ni da tambaya, Malam. Roƙo ne. A taimaka a buɗe shafi na tara."

Aka ji ƙarar takardu a layukan gaba. Malam Haladu ya lashi yatsa ya buɗe. Ya kawo littafin kusa da hanci, ya nisantar da shi, ya sake kawowa. Ya daɗe.

"Hajiya."

"Na'am, Malam."

"A gidanku da hagu ake miƙa wa uba ruwa?"

Sai wata mata a layi na biyu ta ce, "Innalillahi, wallahi da hagu ne!" Wani ya ce, "Duba tsohon ma, da hagu yake ci." Maganar ta bi layi-layi zuwa baya. Mutane suka fara miƙewa suna leƙa littafin na kusa da su.

"Kuskuren madaba'a ne," in ji Hajiya. "Kun san masu bugun nan. Shafi ɗaya ne, za a gyara."

"Allah Ya sa shafi ɗaya ne," in ji Ikilima. Ta taho gaba ta tsakanin kujeru, ba ta sauri. Akwai allo a bango, da guntun alli a bakinsa. Ta ɗauki allin. Zinnira tana nan a kan benci tana lilo da ƙafa, tana yi mata murmushi.

Ikilima ta tsaya numfashi ɗaya. Sannan ta miƙa mata allin.

"Zo, 'yar gari. Rubuta mana ɗaya zuwa biyar. Manya-manya, yadda na baya za su gani."

Zinnira ta diro da gudu. Ta nufi ƙarshen allon na dama, ta yi ɗage, ta ja ɗaya. Ta matsa hagu ta rubuta biyu, fuskarta a juye. Uku ta ba da baya. Huɗu ta ba da baya. Biyar ma haka. Rubutun tsaf, layin a miƙe, kowace lamba tana kallon inda bai kamata ba. Ta juyo tana jiran tafi.

Wani daga baya ya ce, "Ai ajami ta yi mana da lamba!"

Dariyar ta fi ta zomo ƙarfi. Zinnira ta dubi allon, ta dubi mutanen. Allin yana hannunta. Altine ta taso ta sunkuce ta ta koma da ita kujera, ta tura fuskarta cikin gyale.

Ikilima ba ta kalle su ba. Ta zare shafi na tara daga ambulan, ta ɗauki littafin da ke gaban Muhammad Nur.

"Ranka ya daɗe, a zo taga."

Gefe ɗaya kawai aka buga kowane shafi. Ta manna shafin Hajiya a gilashi ta bayansa, yadda haske ya ratso zanen ya fito a juye. Ta ɗora nata a kai. Hanyar ta hau kan hanya, kukar ta hau kan kuka, kowane ɗigo ya zauna a kan ɗan'uwansa. Har inda bironta ya taɓa zubar da tawada ta mayar da tabon dutse, yana nan a duka biyun.

Muhammad Nur ya ce a kawo wani shafin. Ta kawo na mangwaro. Ya ce wani. Ta kawo na guguwa. A na huɗu ya daina tambaya.

Malam Haladu ya taso da sandarsa ya karɓi takardar Ikilima. Ya dube ta a haske.

"Wannan ba Mahbub na Gude ba ne? Da wannan hular tasa mai karyayyen baki?"

"Shi ne, Malam. Mahaifina ne."

"Allah Ya jiƙansa. Mutumin da ko goro ba ya karɓa da hagu." Ya juya ga Hajiya. "Shi kika sa yana cin tuwo da hannun tsarki, a gaban yara?"

"Ma'aikaciyata ce!" Muryar Hajiya ta tashi, makirfo ya yi ƙara. "A makarantata ta zana, da takardata, da birona, a lokacin aikina. Abin da aka yi a makarantata nawa ne. Ku tambayi kowa."

"To me ya sa kika juya shi?" in ji Ikilima.

Hajiya ta kawar da kai.

"Mai akuya dai ba ya shafa wa akuyarsa shuni kafin ya kai ta kasuwa," in ji Malam Haladu, ya koma ya zauna.

Muhammad Nur ya tambayi Ikilima me ya sa ƙwayar take hagu a nata. Ta gaya masa cikin jimla uku, ta nuna allon. Ya dubi lambobin Zinnira, ya shafa kai. Ya tambayi Hajiya yara nawa suka yi aiki da littafin.

Ƙanwar mijin ce ta ce, a hankali, "Saba'in da huɗu."

"Tun yaushe?"

"Fabrairu."

Ya rubuta. Suka yi ƙus-ƙus da Malam Haladu. Sannan ya ɗauki hoton takardun Ikilima da wayarsa ɗaya bayan ɗaya, don ta ƙi barin ko guda a hannunsa. Ya ce ta faɗi cikakken sunanta yadda take so ya fito a bango.

"Ikilima Mahbub Gude."

Ta sa ya juyo mata da kwamfutar ta gani da idonta.

Ba wanda ya taimaka wa Hajiya tattara littattafai. Iyayen da suka zo da ita suna tsaye a gefe suna buɗe na 'ya'yansu, suna nuna wa juna. Da kanta ta bi layi-layi tana karɓa, leshin yana maƙalewa a kujerun roba. Wasu suka ƙi bayarwa. Sun ce za su kai gida a gani. Ikilima ta koma kujerarta ta baya ta zauna ta kalla daga farko har ƙarshe. Ta daɗe tana tunanin yadda abin zai yi daɗi. Ya yi daɗin, har ya fi.

A ƙofa Hajiya ta tsaya a kanta. Hoda ta jiƙe a goshinta.

"Kin ji daɗi?"

"Na ji."

"Allah Ya isa tsakanina da ke."

"Amin."

Hajiya ta shiga motar makaranta ita da ƙanwar mijinta da kwalin, ta ce wa direba ya ja. Ba ta jira iyayen da ta kwaso da safe ba. Kowa sai ya nemi hanyarsa.

Ikilima ta yi azahar a gidan wata malama da ta ja ta tana ta yi mata barka. Da ta fito, gabas ta yi baƙi ƙirin, iska tana kwashe ledoji a titi. A tasha motar Gwarzo saura mutum ɗaya. Ta leƙa. Altine ce a jikin ƙofar can, Zinnira a cinyarta, gurbin da ya rage kuma kusa da su ne. Wani mutum mai buhun iri ya fito ya ba ta hanya. Ta shiga.

Sun wuce gidajen ƙarshe na Kabo kafin Altine ta yi magana. Ba ta juyo ba.

"Ranar Talata ce. Na kawo miki shi har ɗaki. Kika buɗe shafi-shafi, kika daɗe a wani. Na ɗauka sha'awa ya ba ki."

Ikilima ta gyara ambulan ɗin a cinyarta.

"Tun ranar kika gani?"

"Tun ranar."

"Kika ce mini ya yi kyau."

"Altine, da na faɗa miki, da kin je kin same ta. Da ta gyara a ɓoye."

"Da ta gyara," in ji Altine. "Eh. Da ta gyara."

Mai buhun iri ya yi gyaran murya ya kalli ɗaya tagar.

"Sau nawa kika zauna a tsakar gidana tana yin aikin gida a gabanki? Ranar sunan jaririyata Asibi ba ke kika fere mata fensir ba? Kina kallo. Ni ban yi karatu mai nisa ba, na ga tana bin ɗigo tsaf na ce Alhamdulillahi. Ke kin sani."

"Abu ne mai gyaruwa. Sati shida, ko bakwai. A tire na yashi za a fara, da yatsa, kafin a koma takarda. Ki riƙa kawo mini ita da safe."

"Kika ba ta alli a gaban mutum ɗari."

"Ban san ita za a fito da ita ba."

"Da kika sani fa?"

Ikilima ta mai da ido kan hanya.

"Za a gyara," in ji Altine. "Amma ba ke ba."

Ɗigon farko ya bugi gilashin gaba kamar an jefo tsakuwa. Sai na biyu. Kafin su kai kwanar da ake sauka a shiga Gude ruwan ya tsuge, a karkace, daga gabas. Direba ya rage gudu ya ce a ɗaga gilasai. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya riga ya shigo. A gonakin gefen hanya mutane sun fito suna tsaye cikin ruwan ba su gudu ba.

Numfashin mutum bakwai ya sa gilashin ya yi hazo. Zinnira, wadda ba ta ce uffan ba tun ɗakin taro, ta zaro hannu daga gyalen uwarta. Ta ɗiga ɗigo a ƙarshen gilashin na dama. Ta fara tsallen kwaɗo zuwa hagu, ɗaya bayan ɗaya, harshe a waje kaɗan.

Hannun Ikilima ya tashi da kansa, kamar yadda ya saba tashi shekara shida, zai kama ƙaramin wuyan hannun ya kai shi ɗaya gefen. Altine ta juya kafaɗa ta tare.

Ikilima ta mayar da hannun kan ambulan.

"Alhamdulillahi," in ji direba. "Wannan kam na shuka ne."

Zinnira ta kai ƙarshen gilashin. Ta ɗaga yatsa, ta koma dama, ta sake farawa.